Ranar da Jirgin Saura Ƙiris Ya Sauka

Jama'a, in kun ga rubutun yau yana tafiya a karkace ku yi mini uzuri, ƙuguna ne ya riƙe, kuma baro ne ya ja mini.

Kun dai san manyanmu, cikin hikimarsu da ba ta ƙarewa, sun hana sayar da mai a jarka. Sun yi bincike sun gano jarka ce ke kawo tsada. To ni ba ni da mota, ɗan janareta gare ni, mai tari kamar tsohon mashayin taba. Na tambayi mai ba da mai yadda zan yi, ya ce doka ta ce a zuba a cikin inji, ba ta faɗi wane inji ba. Sai na koma gida na ari baron maƙwabcina, na ɗora janareta, na turo shi na shiga layin motoci, tsakanin wata tasi da motar ɗaukar yashi. In layi ya motsa in tura, in ya tsaya in zauna a bakin baro ina fifita da hula. Direban tasin nan, Allah ya shirye shi, har leƙowa yake yana ce mini in zan sha kwana in riƙa ba da sigina.

Rana ta take tsaka, ina hango bakin famfo, har na fara kwance murfin tanki, sai ga jiniya. Ayarin Mai Girma Uban Alkawura ne, Allah ya ƙara masa lafiya da tayoyi. Shi ba ya ciki ma. An ce motocin za su je tarbo shi ne, ya tafi wata ƙasa koyo yadda ake kawar da layin mai. Suka sha suka ƙoshi, har da motar da ba ta ɗauke da komai sai kujerarsa. Suna fita mai ba da mai ya rataye tiyo, ya kaɗa mana hannu. Na juya barona na kama hanyar gida da janareta yadda na zo da shi, sai dai ya ƙara nauyi.

Duk wannan wahalar saboda Saura Ƙiris na sha ta. Ga wanda bai sani ba, wasan barkwanci ne da ake nunawa a talabijin duk yammacin Lahadi. Labarin wani ƙaton jirgin sararin samaniya ne da ya kwashi mutane daga duniyar nan bayan ta lalace, zai kai su wata sabuwa inda aka ce komai yana aiki. An haifi mutane a cikin jirgin, sun yi aure, sun yi jikoki, ba a isa ba. Duk wanda ya tambayi Kwamanda yaushe za a sauka, sai ya dubi agogon hannunsa, wanda ya daɗe da tsayawa, ya ce saura ƙiris. Jirgin hawa-hawa ne. Mutanen sama iska ta yi musu yawa har balan-balan suke hurawa da ita ranar murnar haihuwar Kwamanda, na ƙasa kuwa layi suke bi da leda a hannu a auna musu numfashin yini. In zaɓe ya zo akwai na'urar da ke faɗin sakamako tun kafin a kawo akwati, don kada a ɓata wa jama'a lokaci. Akwai makon da injin jirgin ya mutu gaba ɗaya, aka tara 'yan jarida aka ƙaddamar da sabon fenti. Kowa dai ya san ƙirƙira ce, ba ta shafi kowa ba, tunda mu nan ba a fara auna mana iska ba tukuna.

Ni kuma ina da wani dalili na kaina. Ƙanin maman yara yana cikin wasan. Shi ne mutum-mutumin ƙarfen da ke magana da yawun Kwamanda. An haɗa masa riga da gangar tsohon injin wanki, aka kifa masa bokitin ƙarfe a ka, shi ya sa duk unguwa Gwangwani take kiransa, har mahaifiyarsa. Magana ɗaya gare shi a wasan. Ko gobara ce ta tashi, ko wasu halittu masu ido a gwiwa ne suka kawo hari, sai fitilun ƙirjinsa su yi ƙyaf-ƙyaf ya ce, "An kafa kwamiti." Da wannan 'yar maganar yake ci da kansa.

Kada ku raina ta. Yaron nan ya gama karatu da takardu masu kyau, ya yi shekaru yana yawo da su ofis-ofis har gefensu ya cinye. A falona ya zauna duk tsawon lokacin, a kan doguwar kujerata, har ta ɗauki siffar bayansa. Matarsa tana gidan iyayenta tana jira. Wasan nan ne ya ba shi ɗaki da katifa da tukunya, ya je ya ɗauko matarsa cikin alfahari. Ga ta yanzu da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe.

To ina turo baro cikin gida, jiƙe da gumi, sai na tarar da shi a falo, a daidai ramin da ya bari a kujera, ya yi tagumi. 

"Yaya, an kira mu," in ji shi.

"Wa ya kira ku?"

"Ofishin Kula da Walwalar Zukata."

Ban san akwai shi ba, amma ashe akwai. Yana da bene, yana da motoci, yana da daraktoci har da mataimakansu. Yadda Gwangwani ya ba ni labari, manya uku ne suka kai ƙara, kowanne ya rantse shi ake nufi da Kwamanda. Har biyu daga cikinsu sun daina gaisawa, kowa yana ganin ɗan'uwansa na neman ƙwace masa zagin da shi ya cancanta. Ofishin ya zauna ya kalli wasan tun daga farko, da lemo da kaji a gabansu, ya gano cewa jirgin da ba ya isa yana kashe wa jama'a gwiwa. Hukunci shi ne ranar Lahadin nan dole jirgi ya sauka. Kuma don kada a yi musu wayo, su da kansu suka rubuta abin da za a yi, kalma da kalma, babu barkwanci ko ɗaya a ciki.

Na ce, "To ai shi ke nan. Ku sauke musu jirginsu ku huta."

"Mun riga mun ɗauki shirin, Yaya. Matsalar ba nan take ba. Za su tura masu sa ido wuraren da ake taruwa kallo. In aka yi dariya, sun ce alama ce mun ɓoye shaƙiyanci a cikin murya ko a ƙwayar ido, za su rufe wasan. In aka kalla cikin natsuwa, mu ci gaba."

"Wace ƙwayar ido, kai da kanka ke cikin bokiti?"

"Haka na ce a zuciyata. Sai suka tambaye ni inda aka fi taruwa a unguwarmu, bakina ya riga hankalina, na ce shagon mai aski."

Maman yara tana tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta ce, "Baban yara, ka dai ji. In aka rufe wasan nan, da shi da ita da jaririn duk nan za su dawo." Ta dubi kujera. Ni ma na dubi kujera. Wallahi ban taɓa jin kishin fasaha ya taso mini irin na wannan lokacin ba. Na kuma dubi yaron, sai tausayinsa ya kama ni da gaske, domin na san abin da zaman falon nan ya yi masa a baya.

Ko ruwa ban sha ba na nufi shagon mai aski. Shago ne ɗan ƙarami, kujerar aski ɗaya, babban madubi a bango, sai rumfar kwano da bencuna a waje. Talabijin tana kan wani mataccen firji a kusurwa, inda na ciki da na waje duk za su gani. Janaretan da ke ba shi wuta na haɗin gwiwa ne da Inna mai ɗinki, wadda shagonta ke manne da nasa, saboda haka ranar Lahadi ita ke da kujerar gaba, ba mai taɓa mata. Shi kuwa mai aski mutum ne da in dariya ta kama shi sai ya ɗaga injin aski daga kan mutum, in ba haka ba a tashi da taswira a ƙeya.

Na zayyana masa komai. Ya ce, "Malam, kana nufin mu zauna mu kalli Gwangwani, mu yi shiru?"

"Shiru kamar gidan makoki."

"Ai gara ka ce in yi wa kaina aski ta baya."

Na tuna masa cewa matar yaron nan ta kusa, na kuma tuna masa wanda yake yi wa aski kyauta a shekarun zaman falo. Sai ya ce a kira jama'a. Kafin magariba mun yi taro a ƙarƙashin rumfa, kowa ya faɗi dabararsa. Mai aski ya ce zai ciji tawul. Bakaniken unguwarmu ya ce shi zai riƙa tuna fuskar mai gidan hayarsa. Ni na ce zan sa takalmin da na yi aure da shi, wanda tun a lokacin ma ya matse ni. Babbar matsalarmu mai faci ce, mutumin da dariyarsa ke tayar da kaji a layi na gaba. Shi ba dabarar da za ta riƙe shi, sai muka haɗa baki a bayan idonsa cewa ranar Lahadi za a aike shi bayan gari ya duba tayar wata babbar mota da ba ta taɓa wanzuwa ba. Allah ya yafe mana, don alheri muka yi.

Lahadi ta zo. Tun kafin lokaci benci ya cika, kowa ya ɗaure fuska. Wanda ya wuce ta gaban shagon zai rantse sakamakon gwajin jini muke jira. Can sai ga mai sa ido a bayan babur ɗin haya, da kwat da laktaye a wannan zafin, rungume da jaka. Mutum ne siriri, wuyan rigarsa ya sha guga har ya fara yagewa. Ya ce shi ba talabijin aka turo shi kallo ba, fuskokinmu aka turo shi kallo. Ya sa aka juya masa kujerar aski ta ba talabijin baya, ya hau ya zauna yana duban mu ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai lissafa ba shi ne madubin mai aski, wanda ke gefensa yana nuna masa allon tas.

Aka fara. Jirgi ya sauka a sabuwar duniya, a kan lokacin da aka ce. Aka buɗe ƙofa, mutanen hawan ƙasa suka fara fita, Kwamanda ya tsaya gefe yana ba su hanya, sai da kowa ya sauka sannan ya fito a ƙarshe, riƙe da jakarsa da hannunsa. Na ji wani ɗan sauti daga wajen mai aski, na waiga na ga rabin tawul ya shige bakinsa.

Sai ga Gwangwani ya tako, ƙwaram-ƙwaram, ya tsaya gaban wani famfo a bakin titi. Ya murɗa, ruwa ya zubo, fari tas. Ya rufe. Ya sake murɗawa, ya sake zubowa. Ba wanda ya ruga neman bokiti, mutane wucewa kawai suke yi abinsu. Bencin da nake kai ya fara girgiza, na duba na ga bakanike ne, ya runtse ido yana motsa baki, da alama sunan mai gidan haya yake maimaitawa. Ni kuwa na danna babban yatsana cikin takalmi har sai da na ga taurari.

Daga nan aka nuna wata mata ta shiga ofis neman takarda. Ma'aikacin yana kan kujerarsa. Bai ce oga ya fita ba, bai ce a dawo gobe ba, bai ce fayil ya ɓata ba. Ya miƙa mata takardar ya ce ta yi haƙuri da ya sa ta jira. Ta ciro ɗan abin goro za ta ba shi, ya dube ta da mamaki ya ce, "Na mene ne?" A bayana wani ya yi kukan ɗan kwikwiyo ya mayar da shi tari. Mai sa ido ya ɗaga gira. Muka kama tari gaba ɗaya, muna nuna hayaƙin janareta.

Amma na lura da wani abu. Idon mutumin ya daina zama a kanmu, sai zamewa yake yi zuwa madubi. Leɓensa na ƙasa yana rawa, yana danne shi da haƙori.

Aka zo zaɓe. Aka juye akwati a gaban kowa, aka ƙirga a fili, Kwamanda ya sha kaye. Ya miƙe ya cire hularsa ya ce, "Na gode. Daɗewar da jirgin nan ya yi laifina ne. Ga makulli." Kafin mu farfaɗo daga wannan, fitilun ƙirjin Gwangwani suka yi ƙyaf-ƙyaf, duk muka riƙe numfashi muna jiran kwamiti, sai ya ce da muryar nan tasa ta cikin bokiti, "An gama aikin kafin lokaci. Ga ragowar kuɗin."

Jama'a, mun riƙe. Ina so tarihi ya shaida cewa unguwarmu ta riƙe. Hawaye na zuba a idon mai aski, jijiyar wuyan bakanike ta fito, ni ƙafata ta mutu, amma ba wanda ya yi ko ƙyas. Wanda ya fashe shi ne mai sa ido. Ta hanci ta fara fito masa, ya toshe da hannu, ta ƙwace ta baki. Ya duƙa yana dukan hannun kujera, jakarsa ta faɗi ƙasa, yana cewa, "Ragowar kuɗi... wai ragowar kuɗi." Kujerar aski ta juya da shi sau ɗaya ta dawo. To daga nan kuma wa zai riƙe wa? Tawul ya yi tsalle daga bakin mai aski, bakanike ya sauka daga benci ya zauna a ƙasa, ni na cire takalmi na yi jifa da shi. Tun da aka fara wasan nan ba mu taɓa dariya irin ta ranar ba, kuma abin da ya fi ba mu dariyar shi ne sanin cewa manya ne suka zauna suka rubuta shi da zuciya ɗaya.

Muna cikin haka hoto ya canja. Wani tsoho ne a sabuwar duniyar ya dafe ƙirji ya zube a tsakar gidansa. Kafin matarsa ta gama ɗaura ɗankwali motar asibiti ta tsaya a ƙofa. A bakin asibiti likita na tsaye yana jira. Ba wanda ya ce a je a yanki kati, ba wanda ya ce a fara ajiye wani abu. Aka kwantar da shi a gado mai farin zane, fitila tana ci, aka murɗa tukunyar iska, allurarta ta tashi ta nuna a cike take. Tsohon ya buɗe ido, ya nemi hannun matarsa, ya ce ta ba shi ruwa.

Dariyar ta riƙa mutuwa daga benci zuwa benci, domin duk wanda ke wurin ya san abin da ya faru bara. Mijin Inna mai ɗinki, tsohon telan da ya ɗinka wa rabin unguwar nan kayan makaranta, haka ya dafe ƙirji ya zube a kan kekensa. A motar bakanike muka kai shi, ni na riƙe kansa a cinyata. Muka tarar babu wuta, injin asibiti babu mai, tukunyar iska da aka gangaro da ita wayam take. Likita ɗaya ne, yana can wani ɗaki da mutane sun yi masa yawa. A kan bencin baranda tsohon ya cika, Inna tana yi masa fifita da katin da muka yanka.

Ita ba ta yi dariya ba tun farko, ba ta kuma yi kuka yanzu ba. Ta zuba wa allon ido har aka fara rubutun ƙarshe. Sannan ta juya ta dubi mai sa ido, a hankali ta ce, "Ɗana, wai manyanku ne suka rubuta wannan?"

"Su ne, Inna."

"Da hannunsu?"

"Da hannunsu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ashe sun san yadda ake yi."

Ta tashi ta naɗe tabarmar da take shimfiɗawa a kan kujerarta, ta shiga shagonta. Jim kaɗan muka ji keken ɗinki ya fara tafiya. Na ji kunya ta rufe ni, na dariyar da na yi da ta shekarun da na yi ina rubuta muku cewa mutanen nan ba su san aiki ba ne.

Mai sa ido ya sauko daga kujera ya tsince jakarsa, yana share ido da laktaye. Ya tsaya a tsakiyarmu kamar ɗan makarantar da aka kama da satar amsa.

"An ce in faɗi ko an yi dariya," in ji shi. "Kuma in faɗi wanda ya fara."

Mai aski ya ɗauki tsintsiya ya hau share gashin da babu shi. Ya ce, "Yallaɓai, mu dai ba mu ga kowa ba. Ni tawul ne a bakina."

"Ni idona a rufe yake," in ji bakanike daga ƙasa.

Mutumin ya daɗe yana kallon ƙofar shagon Inna. Ya ce, "Zan ce jama'a sun kalla har da hawaye."

Na ce, "Ba ka yi ƙarya ba, Yallaɓai."

Mai aski ya ce ya zauna a gyara masa gefe kyauta, ya ce a'a, gidansu akwai nisa kuma babur yana wuya da yamma. Yana fita sai ga mai faci ya dawo daga bayan gari da ƙura har gira, yana tambayar wane ɗan banza ne ya ce akwai mota a can. 

Sakamako ya fito tsakiyar mako. Da alama duk masu sa idon da aka tura hawaye suka gani, ko kuma duk sun ga abin da namu ya gani a madubi. Ofishin Kula da Walwalar Zukata ya ji daɗi ƙwarai. Wasa zai ci gaba, kuma tunda an ga alƙalaminsu yana taɓa zuciya, daga yanzu su za su riƙa rubuta shi duk mako. An ce har an ware motoci sababbi don masu rubutun, saboda tunani ba ya zuwa a tsohuwar mota. Ina taya su murna. Ina kuma janye duk abin da na taɓa faɗa a wannan shafi na cewa jahilci ne ke damunsu. Na zalunce su. Sun san ana buɗe famfo ruwa ya zo, sun san inda likita ya kamata ya tsaya, sun san har inda allurar tukunyar iska take nunawa in tana cike. Ba abin da ya ɓace musu, ko ɗaya.

Gwangwani ya zo jiya da yamma ya kawo mana albishir. Maman yara ta yi hamdala, ni na shafa kujerata na ce mata ta kwantar da hankalinta. Amma yaron bai zauna ba, kuma fuskarsa ba ta wanda ya tsira ba ce. Na raka shi bakin ƙofa, na ce ya saki ransa, aiki ya tsaya.

Ya ce, "Ya tsaya, Yaya. Duk mako zan riƙa murɗa famfo ke nan. Ka san yadda ruwan yake zuwa? Wani ne ke hawa tsani a bayan bango yana tuttulawa da bokiti. Gidan talabijin ɗin ma ba su da ruwa."

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya tsaya yana murza makullin ɗakinsa a hannu.

"Tun safe matata take cewa bayanta na ciwo," in ji shi. "Ungozoma ta ce kan yaron bai juyo daidai ba, kada mu yarda a yi a gida. Yaya, wane asibiti zan kai ta?"

Ni da nake cika muku shafi duk mako, ni da ba a taɓa rufe mini baki a layin mai ba, na tsaya a ƙofar gidana ina kallon yaron nan na rasa asibiti ko ɗaya da zan ambata masa. Na dai ce ya je, duk lokacin da abin ya tashi ya kira ni, za mu tafi tare, kuma zan yi wa bakanike magana ya bar mai a mota.

Saboda haka, ranku ya daɗe, masu rubuta mana sabuwar duniya, ga ƙaramar buƙata daga mai kallonku na kullum. Ba na neman famfo, ba na neman ragowar kuɗi. In akwai wanda ya san inda aka ajiye jirgin nan bayan ya sauke fasinja, a taimaka a yi mini magana. Kujera ɗaya nake nema ta mai ciki, ko a hawan ƙasa ne, ledar iskarta ni zan saya.